RA'AYINMU: Garin Da Leburori Suka Gina A Bakin Teku

A garin Blackpool, wanda ke bakin teku a arewa maso yammacin Ingila, akwai wata doka da baƙo yakan tarar a rubuce jikin allo tun ƙafarsa ba ta taɓa yashi ba. Dokar ta ce daga ran 1 ga watan Mayu zuwa ran 30 ga watan Satumba ba a yarda kare ya taka yashin da ke daura da tsakiyar gari ba, watau tun daga gadar arewa har a ɗan wuce gadar kudu. Wanda ya zo da karensa ba korarsa ake yi ba. Sai ya ƙara gaba ko ya ja da baya, domin akwai yashi mai tsawo a kowane ɓangare inda aka bar karnuka su yi ta gudu. In watan Oktoba ya kama, sanyi ya kori masu wanka, sai wurin duka ya koma na kowa. Ba kuwa wanda ake tsayarwa a ƙofa a ce ya biya kuɗin shiga, don babu ma ƙofar.

Mai karatu da ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago yana iya cewa, to, ina ruwanmu da karen Bature? Ruwanmu da shi kuwa babba ne. Akwai magidanta da yawa daga cikinmu waɗanda suka shekara goma, wasu ashirin, a Ikko, sun yi aure sun hayayyafa a nan, amma 'ya'yansu ba su taɓa tsayawa gaban teku sun ga inda ruwa ya haɗu da sama ba, alhali kuwa tsakaninsu da shi bai fi tafiyar mota guda ba. Garin da ya zauna ya yi shawara a kan inda kare zai taka da inda yaro zai yi wasa, lalle ya riga ya gama shawara a kan wata magana da ta fi wannan girma, watau ko bakin teku na wane ne. A Ikko ba a taɓa zama a kan wannan magana ba, sai dai a wayi gari a ga an kafa shinge.

Shi dai Blackpool ba gari ba ne tun asali. A ƙidayar 1801 mutanen wurin ba su kai 500 ba, 'yan gidaje ne a bakin yashi, sai masu hannu da shuni da ke zuwa a keken doki don likitocin zamanin sun ce wanka da ruwan gishiri magani ne. Abin da ya sake wurin shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso cikin 1846. A bayan garin kuwa ga lardin Lankasha, cike da masaƙu, inda dubban mata da maza da yara ke tsaye kan injin saƙa tun asuba har dare cikin ƙura da hayaƙi. Al'ada ta kafu cewa kowane gari, kamar su Oldham da Blackburn da Bolton, yana da makonsa guda a shekara da ake rufe masaƙunsa duka, masu masaƙa su gyara injuna, ma'aikata kuma su sarara. Garuruwan ba sa rufewa tare, bi da bi ne, saboda haka tun farkon zafi har ƙarshensa Blackpool ba ya rabuwa da baƙi. Amma fa hutun ba na biya ba ne. Ranar da ba ka yi aiki ba, ba ka da ko anini. Sai a 1938 ne Majalisar Dokokin Ingila ta yi dokar da ta buɗe hanyar hutu da albashi ga yawancin ma'aikata. To, kafin nan da me suke zuwa? Da adashi. Kowane mako mai saƙa yakan zuba ɗan abin da ya samu a asusun masaƙarsu ko na unguwarsu, shekara na zagayowa a raba, kowa ya kwashi iyalinsa, titi guda a tarago guda, su nufi bakin teku. Da wannan kwabo da sisi aka gina garin da ya kai mutum 47,000 a 1901, ya kuma kai 147,000 a 1951.

Mu ma muna da hannu a wannan arziki, ko da yake ba a gayyace mu biki ba. Cikin 1902 aka kafa ƙungiyar nan ta B.C.G.A. a Mancesta don nema wa masaƙun Lankasha auduga daga ƙasashen da Ingila ke mulki, kuma ita ce ta kakkafa injunan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da Gusau. Wani abu daga cikin audugar da kakanninmu suka ɗauka a ka ko a jaki zuwa wurin awo ya ƙare ne a kan injin wata mai saƙa a Lankasha, daga ladanta kuma ta cire na adashin tafiya Blackpool.

Abin lura shi ne yadda garin ya karɓi waɗannan baƙi. Wasu garuruwan bakin teku na Ingila sun yi ta neman hanyar da za su tsare kansu daga talakawa don kada manyan baƙi su gudu. Blackpool ya gane inda abincinsa yake. Aka gina dogayen gadoji uku na ƙarfe da katako masu kutsawa cikin teku, ba don ƙetarewa ba, don dai mutum ya yi yawo a kan ruwa ya sha iska: ta arewa a 1863, ta tsakiya a 1868, ta kudu a 1893. A 1885 aka sa taragun lantarki a kan titin bakin teku, har yau kuwa suna aiki, tafiyar mil 11 zuwa garin Fleetwood. A 1894 aka buɗe hasumiyar ƙarfe mai tsawon ƙafa 518, wadda aka kwaikwayo daga ta birnin Faris, bayan shekara biyu kuma aka fara filin wasannin Pleasure Beach. Tun 1879 suka soma ƙawata bakin tekun da fitilun lantarki, da fitila takwas kacal, abin da ya zama bikin fitilu na kowace shekara mai tsawon mil shida, dabarar da ke jawo baƙi bayan lokacin wanka ya wuce. Masauki kuwa na mata ne masu gidajen haya, titi bayan titi. A da, iyali su ke sayo cefanensu su miƙa wa uwar gida ta dafa musu, a caje su kuɗin ɗaki da na wuta. Duk wanda ya san yadda maigida a unguwar Sabo ta Badun ke saukar da fataken shanu da na goro, ya san irin wannan zama, inda baƙo ke komawa gida guda shekara da shekaru har ya zama kamar ɗan uwa.

Har jakuna ma suna da tasu doka, kuma wannan ya kamata ta ba mu kunya kaɗan, mu da muka fi su jakuna. Ana ɗora yara a kansu a bakin yashi a biya, amma sai likitan dabbobi ya duba kowane jaki a shekara, ba a ɗora masa babban mutum, ana ba shi hutun cin abinci da rana, ranar Juma'a kuma ba ya aiki sam.

To, mu koma kan kare. A wurin Bature kare ɗan gida ne. Yana kwana a ɗaki, yana shiga mota, kuma iyali da yawa ba za su yi tafiyar hutu ba in ba da shi ba, shi ya sa masu masauki ke rubutawa a fili ko suna karɓar kare ko ba sa karɓa, don a nan ciniki yake. Mu kuwa tarbiyyarmu dabam ce. Mun san karen farauta, mun san wanda ke bin garken Fulani, mun san na gadi, kowanne yana da aikinsa kuma wurinsa waje ne. Mace mai goyo daga Kano ko Katsina ba za ta saki jiki ta shimfiɗa tabarma ba in kare na shinshinar kwanon abincinta, ba kuwa laifinta ba ne. A Ingila ma ba kowa ke son kare ba, kuma Lankasha ta yau cike take da Musulmi, jikokin waɗanda suka zo daga Pakistan da Indiya aikin masaƙa, waɗanda Blackpool ce wurin shan iskarsu. Majalisar garin ba ta tsaya tana wa'azi a kan wanda ya fi gaskiya ba. Ta raba wuri ta raba lokaci, ta sa tara a kan wanda ya ƙetare, har da wanda karensa ya yi kashi a hanya bai kwashe ba. Dalilin ba ƙyama kaɗai ba ne. Kashin kare yana ɗauke da ƙwayayen wata tsutsa da kan shiga jikin yaro mai wasa da yashi, wani lokaci har ta taɓa masa ido, sa'an nan yana ɓata ruwan da hukuma ke aunawa a lokacin wanka. A ganinmu wannan shi ne aikin hukuma na ainihi, ta sa mutane biyu da ba sa son abu ɗaya su iya zama a wuri ɗaya ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ya sa Bature ke sakin ɗansa kusa da baƙon kare ba fargaba. Tun 1922 aka kawar da ciwon haukan kare daga dabbobin ƙasar, kuma shekara da shekaru duk karen da aka shigo da shi daga waje sai an tsare shi wata shida kafin a sake shi. Tun 2016 kuma doka ta tilasta a sa wa kowane kare wata 'yar alama ta lantarki a ƙarƙashin fata mai nuna mai shi. Mu ba mu kai nan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, yara kuma su ne kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza. Ga shi kuwa muna da cibiyar binciken dabbobi a Vom da ke yin allurar karnuka. Saboda haka duk dokar bakin teku da za a yi a ƙasar nan, takardar allura ce farkonta. Wanda kare ya ciji ɗansa kuma, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran ganin abin da zai faru, domin in alamun ciwon suka bayyana an makara.

Kare ne kuma sanadin ranar da mutanen Blackpool ba sa mantawa. Ran 5 ga watan Janairu 1983, teku na hauka, wani saurayi da ya zo hutu daga Sikotilan yana yawo da karensa kusa da dandalin Gynn, sai karen ya faɗa ruwa. Saurayin ya bi shi. Aka kira 'yan sanda, suka shiga don su cece shi, igiyar ruwa ta riƙa maka su da katangar bakin teku. Saurayin ya halaka, 'yan sanda uku kuma suka halaka tare da shi, ɗaya daga cikinsu mace ce. Akwai dutsen tunawa da su a wurin. Shi ya sa ƙungiyar jiragen ceto ta RNLI, wadda aka kafa tun 1824, wadda kuma 'yan sa kai ke tuƙa jiragenta da gudummawar jama'a, take nanata wa masu karnuka cewa in kare ya faɗa ruwa kada a bi shi, a tsaya a tudu a kira shi, a kuma nemi masu ceto. Sau da yawa kare kan fito da kansa, mai shi ne ba ya fitowa.

Tekun wannan yanki yana da wani hali na cika da janyewa sau biyu a yini. Yakan ja da baya ya bar fili fetal, mutum ya yi ta tafiya a kan yashi yana ganin ba komai, ruwa kuwa ya zagayo ta bayansa ta ƙananan kwari ya datse masa hanya. Arewa da Blackpool kaɗan, a gaɓar Morecambe, ran 5 ga watan Fabrairu 2004, wannan ruwa ya rutsa da wasu 'yan ci-rani 'yan ƙasar Sin da aka tura cikin dare tsintar wasu ƙananan halittun ruwa masu ɓawo da ake ci. Aƙalla mutum 21 suka mutu. Baƙi ne, ba su san wurin ba, ba su jin harshen da za su nemi taimako da shi sosai, wanda ya ɗauke su aiki kuma bai damu ba. Mun kawo wannan ne don mu ma baƙi ne a bakin ruwa. Tekun Ikko ba ya janyewa da nisa haka, nasa sharrin dabam ne: igiya mai ƙarfi, da wata hanyar ruwa mai komawa ciki wadda ke fizgar mutum daga inda ruwa bai wuce ƙugunsa ba. Saurayin da ya koyi iyo a kududdufin garinsu ko a kogin Kaduna, ya zo ranar Salla ya tuɓe riga don abokai su gani, shi ne wanda aka fi jin tsoro a kansa. In ruwa ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman tudu kai tsaye, ƙarfinka zai ƙare. Ka kwanta rigingine ka bar jikinka ya taso, ka ɗaga hannu, in ka samu numfashi ka yi iyo ta gefe har ka fita daga hanyarsa. Wanda bai iya ruwa ba kuwa, idon sawu ya ishe shi.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa Blackpool aljanna ce. Daga shekarun 1960 jirgin sama ya yi arha, ma'aikacin Ingila ya gano cewa da kuɗin da zai kashe a garin da ruwan sama ke iya ɓata masa mako guda, zai iya zuwa Sifen ya sha rana. Masaƙun Lankasha suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, makon hutun gari ya mutu tare da su. Aka rufe babbar tashar jirgin ƙasa ta tsakiyar garin a 1964, da aka buɗe babbar hanyar mota a 1975 kuma sai baƙi suka koma zuwa da safe su tafi da yamma. Gidajen saukar baƙi da suka rasa ciniki aka yayyanka su ƙananan ɗakunan haya, marasa galihu daga ko'ina suka cika su. A lissafin da gwamnatin Ingila ta fitar a 2019, takwas daga cikin unguwanni goma da suka fi talauci a ƙasar duk a Blackpool suke, kuma mazan garin suna cikin waɗanda suka fi gajeren kwana a Ingila. Garin da ya dogara ga baƙi kaɗai, ranar da baƙi suka sami wani wuri ya shiga uku. Amma a duba abin da majalisar garin ta yi da ta shiga wannan hali. Ba ta yanka yashin ta sayar ba. A 2010 ma saye ta yi, ta karɓi hasumiyar da babban zauren taro na Winter Gardens daga hannun 'yan kasuwa suka zama na gari, aka sake gina katangar teku da matakala masu faɗi da ke sauka har yashi, aka sabunta taragun a 2012. Talakan Blackpool yana da matsaloli da yawa, amma ba a raba shi da teku ba.

Mu kuwa fa? Manya daga cikin masu karatunmu sun san Bar Beach, nan bakin titin Ahmadu Bello a tsibirin Victoria. Nan ne filin kowa da kowa, ranar Salla da Kirsimeti da sabuwar shekara, ga masu tsire, ga masu dawaki suna ɗora yara, ga masu fararen riguna suna addu'a. Nan ne kuma gwamnatin soja ta riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a, kamar Oyenusi a 1971, abin da bai dace da wurin wasan yara ba, amma ko wannan yana nuna cewa wurin dandalin gari ne. Ruwa ya daɗe yana cinsa. Tsakanin 1908 da 1912 Turawa suka jera duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe ta, sai duwatsun suka tare yashin da ruwa ke kawowa daga yamma, Bar Beach ya rasa abin da ke ciyar da shi, har ruwa ya riƙa hawowa titi. Gyara ya zama dole, ba mu musu. Amma gyaran da aka zaɓa daga wajen 2008 shi ne a cike wurin a gina sabon birni na Eko Atlantic a bayan katangar duwatsu. An tsare tsibirin daga ruwa, Bar Beach kuma ya tafi, ba a kuwa ba jama'a wani a madadinsa ba. A Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna Tarkwa Bay, a Afrilun 2024 kuma aka rushe wani ɓangare na wurin shaƙatawa na Landmark don hanyar da za ta bi gaɓa zuwa Kalaba. Abin da ya rage a yankin Lekki yawanci yana bayan ƙofa, a biya na shiga, a biya na ajiye mota, a biya na kujera, wani wurin har abincin da ka zo da shi daga gida sai an yi magana. Maigadi ko mai dako ko mai sayar da ruwa da ke da mata da 'ya'ya biyar, ya lissafa kai bakwai a ƙofa, sai ya juya.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna ne bisa amana, don amfanin 'yan Nijeriya duka. Ba ta ce don amfanin masu iya biya ba, ba ta kuma ce don 'yan asalin jiha kaɗai ba. Da wannan hujja muke kira ga Gwamnatin Jihar Legas da ta dubi Badagiri tun wuri bai ƙure ba. In akwai garin da ya cancanci a kira shi tsohon garin bakin teku a wannan jiha, shi ne: ga gidan bene na 1845 da 'yan mishan suka gina, ga kayan tarihin cinikin bayi, ga tsibirin Gberefu inda aka riƙa fitar da bayi zuwa jirage, ga yashi da itatuwan kwakwa iyakar ganin ido. Idon masu kuɗi ya riga ya kai can. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da gina babbar tashar jiragen ruwa a yankin, a 2024 kuma aka ƙaddamar da aikin hanyar da za ta taso daga Jihar Sakkwato ta ƙare a Badagiri, fiye da kilomita 1,000. Jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2023 daga Marina zuwa Mile 2 ma wannan hanya ya dosa, shirin kuwa shi ne ya kai Okokomaiko. Mun ga abin da jirgin ƙasa ya yi wa ƙauyen da bai kai mutum 500 ba. Kafin filin ya yi tsada, a auna wani yanki mai tsawo a buga shi a gazet cewa na jama'a ne, ba ƙofa ba shinge. A sa masu ceto da tutoci masu nuna inda ake wanka, a gina makewayi na maza da na mata, a ware inda dawaki za su bi da inda mai kare zai kai karensa in yana da takardar allura, a ba masu tsire da masu kwakwa rumfuna da haraji mai sauƙi. Kuɗin wannan duka bai kai na gada guda ba.

Sauran magana tamu ce. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ba ma'aikacin da ya cika wata 12 yana aiki hutun aƙalla kwana shida da albashinsa, amma da yawa daga cikin ma'aikata ba su san da ita ba, iyayen gidansu kuma ba za su tuna musu ba. Masu sana'ar kansu kuwa ba mai ba su hutu sai su. Mun iya adashin biki, mun iya na kuɗin motar zuwa gida da Salla, mun iya na kai gawa. Matan masaƙun Lankasha ba su fi mu albashi ba sa'ad da suka fara nasu. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Obalende da shugabannin kasuwar Mile 12 suna ganin manyan jihar nan duk lokacin da zaɓe ya matso, kuma sun san yadda ake rubuta takardar koke in an taɓa rumfa. Muna so a takarda ta gaba su sa maganar filin Badagiri. Kafin amsa ta zo kuma, kowace unguwa tana iya buɗe littafi ta naɗa ma'aji, a ɗauki motar haya guda kashegarin Salla, a tafi da mata da yara da tsofaffi, a nemi masunci ɗan garin ya nuna inda ruwa ke ja, a kuma sa manya biyu su tsaya da ƙafarsu tsakanin yara da teku har a tashi.